Abin da cajin gaggawa ke ci a zafin Kona

Sau da yawa sabuwar salular da ake kawowa Kona, a ƙasar Tasawa, daga Maraɗi ko Kano yanzu tana zuwa da lamba ɓaro-ɓaro a jikin kwali: wat 33, wat 45, wata ma ta fi haka. Cajar da muka saba da ita a da wat 5 ce ko 10. Infinix, wanda gidansu ɗaya da Tecno da Itel a ƙarƙashin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, har mai wat 180 ya fitar a 2022. Saurin gaskiya ne, ban musa ba. So nake a lissafa shi tare da zafin ƙasar Tasawa, a ga me zai saura a hannun mai waya.

Batirin lithium da zafi ba sa shiri. Kamfanin Apple ya faɗa wa masu wayoyinsa cewa su yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. Irin wannan batir ne a cikin Tecno da Samsung. To a Kona da Mayahi, cikin Afrilu da Mayu, ko a inuwa zafi yakan haura 40. Ke nan tun ba a jona waya ba ta riga ta ƙetare iyaka, sannan caji ya zo da nasa ɗumin, wanda ke ƙaruwa gwargwadon wutar da ake ɗura mata. A cikin batir akwai wani siririn ɓawo da ke taruwa a hankali yana cinye lithium ɗin da ke riƙe caji, zafi kuwa shi ke ƙara masa sauri. Masana sinadarai sukan ƙiyasta cewa ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin irin wannan aiki. Abin da bazara ta ci, sanyin hunturu ba ya mayarwa.

An daɗe ana ƙera batir don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma tun Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta 800 ga wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta. A ɗaki mai matsakaicin yanayi ake wannan gwaji, ba a ƙarƙashin kwano da azahar ba.

Je ka rumfar mai caji ranar kasuwa. Wayoyi jere a kan tebur kafaɗa da kafaɗa, kowace da ƴar takarda mai lamba manne a bayanta, da yawa ba a cire musu rigar roba ba, wasu ma an ɗora su kan ƴan uwansu don wuri ya yi kaɗan. Batirin sola na ƙarƙashin tebur yana nasa hucin. Taɓa ta tsakiya ka ji. A nan kuma saurin da aka biya wa kuɗi ba ya ko aiki, domin cajin gaggawa sai waya ta haɗu da caja da igiyar da suka dace da ita, mai rumfa kuwa duk bakin da ya samu babu kowa nan zai soka ta. Ko wanda ke da cajarsa ta asali a gida, da zarar wayar ta yi zafi ita da kanta take rage wutar da take karɓa don kare batir. An sayi sauri, zafi ya hana a more shi.

Akwai wanda ya amfana, dole a faɗa. Da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, yankin Maraɗi da Damagaram, da ke dogaro da layin Katsina zuwa Gazawa, ya sha duhu. Mai wutar NIGELEC a gida da ke ganin ta jefi-jefi ya san darajar wayar da ke ɗaukar rabi cikin rabin awa. Amma mutum nawa ne a ƙauyukan Kona ke da wutar a ɗaka?

Babbar asarar tana zuwa ne daga baya. A ce caji ɗaya dala ashirin ne, wato sefa 100. In batir ya raunana, wayar da ke kai kwana biyu ta koma kwana ɗaya: ƙarin caji 15 ke nan a wata, sefa 1,500, a shekara jika 18. Wannan ya isa sayen sabuwar ƙaramar waya mai maɓalli. A da, in batir ya gaji, farce za ka sa ka ɓalle murfi ka canza shi. Na yanzu a manne yake da gam, sai an tafi Tasawa ko Maraɗi wurin mai gyara, ga kuɗin mota, ga yinin da aka bari, ga fargabar fashewar gilashi wurin buɗewa, kuma sau da yawa na jabu ake sakawa, mai babbar lamba a jiki da ƙaramin ƙarfi a ciki. Wanda ya kumbura har ya ɗaga bayan waya kuwa yana iya kama wuta, a gari mai dannin kara da rumbunan hatsi. In an cire shi bola ake jefawa, inda yara ke tono.

Abin da zai rage asarar ba ya cin ko dala. A yi caji da asuba ko bayan isha'i, a cire rigar waya, kada a bar ta ƙarƙashin matashin kai ko a kan sirdin babur a rana, kada a kalli bidiyo tana jone. Wasu wayoyin, kamar na Samsung, suna da wurin kashe cajin gaggawa ko taƙaita cikar batir, a duba a yi amfani da shi. Masu rumfa su sa zana a ƙarƙashin kwano, su bar tazara tsakanin wayoyi. Mai shirin sayen sabuwa kuma ya tambayi mai shago ko ana samun batirinta na asali a Tasawa, da nawa ake saka shi.