Kafin Baba ya sayo na'urar kallo ta intanet

A gidaje da yawa, idan za a sayi 'yar na'urar nan da ake jonawa a bayan talabijin don kallon YouTube ko Netflix, ku 'yan makaranta ake tambaya wacce ta fi. To tunda shawarar a hannunku take, ga abin da muke so ku riƙe: duk na'urar da ke hawa intanet tana iya aika wa kamfaninta labarin abin da ake kallo a gidanku, da lokacin, da tsawon zaman da aka yi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 2.2, bayan hukumomin ƙasar sun tuhume shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Irin waɗannan bayanai masu talla ke nema ido rufe. Shi ya sa Fire TV Stick na Amazon da na'urorin Roku suke da araha: fuskar farko cike take da talla, can kamfanin yake mai da kuɗinsa.

Wanda ya fi damun mu shi ne akwatin da ba shi da suna, wanda mai shago zai ce da shi za ku kalli ƙwallon Turai da finafinai kyauta har abada. A 2023 masu binciken tsaron intanet sun gano irin waɗannan akwatuna masu Android da suka fito daga masana'anta da muguwar manhaja a cikinsu, aka laƙaba wa lamarin suna BADBOX. A 2025 hukumar FBI ma ta ja kunne a kai. Akwatin yana nuna muku fim lafiya lau, amma a ɓoye wasu suna bi ta intanet ɗin gidanku suna damfarar mutane, da datar da Baba ya saya. Idan za a sayi mai Android, a tabbatar yana da shaidar Play Protect ta Google. Idan mai shago bai ma san ta ba, ku ja Baba ku wuce gaba.

A ganinmu Apple TV ya fi kowa kiyaye sirri, domin dole manhaja ta nemi izini kafin ta bibiyi mai kallo, kuma sarrafa shi ba wuya. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Mai Google TV ko Fire TV na asali zai wadatar, in dai an zauna an gyara shi tun ranar farko. Ku shiga wurin saiti, ku nemi sashen sirri, ku kashe tallan da ke bin abin da mutum yake so, da tattara bayanan amfani da manhajoji. Minti biyar ya isa.

Sauƙin amfani kuwa, a ba Inna rimot. Idan ta kai ga tashar da take so ba tare da ta ƙwala muku kira ba, na'urar ta ci jarrabawa.

Kada ku saka adireshinku na Gmail a talabijin ɗin falo, sai dai in kuna so kowa ya ga abin da kuka nema a YouTube da dare. A buɗe wa gida nasa daban, da kalmar sirri da babba zai riƙe.

Sai batun data. Netflix na cin kusan gigabait 1 a awa ɗaya idan hoton na talaka ne, har 3 idan mai kyau ne, har 7 a 4K. Idan talabijin ɗinku ba 4K ba ne, babu dalilin biyan kuɗin na'urar 4K, kuma a wurin saiti ana iya rage ƙarfin hoton tun kafin data ta ƙare a tsakiyar wata.