Ra'ayinmu: Shari'a Ta Fara Daga Kan Mai Mulki

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gusau ta cika ta batse. Mutane sun zo daga kowace kusurwa ta Arewa don su shaida yadda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura zai ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara. A watan Janairun 2000 dokar hukunta laifuffuka ta fara aiki, kuma cikin shekaru kaɗan jihohi 12 suka bi wannan hanya, daga Sakkwato har Borno. Yanzu an haura shekara 25, amma gardamar da aka fara a wancan lokaci ba ta mutu ba: shin shari'a abu ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko kuwa doka ce da hukuma za ta tilasta da ɗan sanda da gidan yari?

Masu cewa dole hukuma ta shigo suna da hujja mai ƙarfi. Musulunci bai tsaya ga salla da azumi ba. Akwai aure da saki, rabon gado, ciniki, bashi da haƙƙin maraya, kuma duk waɗannan ba sa tabbata sai da alƙalin da za a ji maganarsa. Idan babban wa ya danne gonar gado, wa'azi kaɗai ba zai ƙwato wa ƙannensa mata rabonsu ba. Tarihi ma yana gefensu. Tun kafin zuwan Turawa akwai alƙalai a ƙasar Hausa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu mai yawa kan yadda ake mulki da adalci. Turawa sun bar kotunan alƙalai, suka hana yanke hannu da jifa. Sai a 1960, zamanin Sardauna, aka maye gurbin ɓangaren laifuffuka da kundin Final Kod, bayan shawarar kwamitin masana da Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, ya jagoranta a 1958. Don haka a wurin mutane da yawa, abin da ya faru a 1999 dawo da haƙƙi ne da aka daɗe da rasawa.

Ya kamata kuma a tuna abin da ya fito da talaka filin taro. An fito daga mulkin soja na fiye da shekara 15, kotuna suna jan ƙara shekara da shekaru, mai kuɗi yana sayen gaskiya. Talaka ya ji an ce shari'a, sai ya fahimci adalci. An kuma samu wasu nasarori da ba za a musa ba. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka ba ta doka a 2003, ta sasanta ma'aurata da maƙwabta masu yawa ba tare da sun kashe ko kwabo a kotu ba, kuma auren zawarawa da aka fara a 2012 ya rufa wa gidaje asiri.

Ɗaya ɓangaren ma ba maƙiyan addini ba ne, da yawansu Musulmi ne masu kishi. Suna cewa imani ba ya shiga zuciya da sanda, kuma wanda ya bar saɓo don tsoron a kama shi zai koma yi a ɓoye. Suna nuni da Jamhuriyar Nijar, inda ba a sa haddi cikin dokar ƙasa ba, amma masallatan Maraɗi da Damagaram suna cika kamar na Katsina da Daura. Suna tuna wa mutane Sudan, inda Ja'afar Numairi ya kafa dokokin Satumban 1983 lokacin da mulkinsa ke tangal-tangal, aka yanke hannaye, kuma a watan Afrilun 1985 jama'a suka yi masa bore, soja suka kifar da shi. A nan gida, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addini. Tsoron da Kiristocin Arewa suka nuna ba na wasa ba ne, domin rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, Musulmi da Kirista.

Mu a ganinmu, hanyar raba wannan gardama ita ce a duba waɗanda hukuncin ya faɗa a kansu. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. A Sakkwato aka yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a 2001, a Katsina kuma aka yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci a 2002. Dukansu mutanen karkara ne, marasa galihu. Abin lura shi ne, kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne suka wanke matan nan biyu, kuma da hujjojin fiƙihu. A shari'ar Safiya an gano cewa an ɗora mata dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da abin ya faru. A ta Amina, wadda aka kammala a Satumban 2003, kotu ta ce tana da damar janye iƙirarinta, ta kuma karɓi abin da malaman Malikiyya suka sani da kwantaccen ciki, wato cikin bazawara ana iya danganta shi ga tsohon mijinta har bayan shekaru. Shari'a ta tanadi kariya ga wanda ake tuhuma, amma alƙalan ƙasa, cikin gaggawa da zafin lokaci, suka tsallake ta.

A duk tsawon waɗannan shekaru, ƙarar manyan da ake zargi da cinye dukiyar jama'a tana tafiya ne ta hannun EFCC da manyan kotunan tarayya. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani kan haddi a satar baitulmali, amma ƙofar ta'aziri a buɗe take, kuma ba a ga gwamnatocin da suka yi alfahari da shari'a suna rububin shigar da nasu ta wannan ƙofa ba. A ɗaya gefen, 'yan bindiga sun kore shanu dubbai a dazukan Zamfara, kuma a Fabrairun 2021 suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin Jangebe suka kwashe ɗalibai 279. Hukumar da ta iya hukunta ɓarawon saniya ɗaya ta kasa tsare ran talaka da dukiyarsa, alhali kare rai da dukiya yana cikin manyan manufofin shari'a.

Saboda haka ba mu tare da masu cewa a kulle shari'a a cikin masallaci, domin hakan zai bar gwauruwa da maraya da mai bin bashi ba su da wurin kai kuka. Ba mu kuma tare da masu mayar da ita tutar neman ƙuri'a. Abin da ya shafi ibada da zuciya aikin malami ne da iyaye da tarbiyya. Abin da ya shafi haƙƙin mutane aikin kotu ne, kuma a nan hukuma ta tsaya da ƙafarta. Shi kuwa haddi yana da sharuɗɗa masu tsauri, ana kawar da shi da shubuha, kuma Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Gwamnatin da ba ta ciyar ba, ba ta tsare ba, ta yi hattara da wannan wuƙa.

Muna kira ga gwamnonin jihohin nan 12 da su fara da kansu. A horar da alƙalai a kuma biya su albashin da zai hana su duban hannun mai ƙara. Duk wanda ke fuskantar babban hukunci a ba shi lauya tun daga zaman farko. Hukumomin zakka su riƙa bayyana abin da suka tara da inda ya tafi. A fayyace wa Hisba iyakarta, ta bar leƙen asiri da tozarta mutane a bainar jama'a. Kada a ja wanda ba Musulmi ba zuwa kotun shari'a sai da yardarsa. Waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu da sunan addini, kamar yadda aka kashe wata ɗaliba a Sakkwato a Mayun 2022, a hukunta su a matsayin masu kisa, domin babu mazhabar da ta ba taron jama'a ikon alƙali. Gwamnan da ya yarda a binciki baitulmalin jiharsa da ma'aunin da ake auna talaka da shi, shi ne za mu gaskata idan ya ce yana son shari'a.