FILIN LAFIYA: Uba A, Uwa B, Jariri Kuwa O

Tun da 'yan'uwanmu suka fara zama da iyali a nan Madinat Nasr, musamman wajen Hayyul Ashir, akwai wata 'yar takarda da kan shiga gida ta ta da ƙura. Ita ce takardar ma'amal, watau ɗakin gwajin jini, inda a ke rubuta abin da Misirawa ke kira fasilatud dam, mu kuwa mu ce rukunin jini. Maigida ya duba tasa ya ga A, ta uwargida B, ga ta jariri an rubuta O. Sai ya yi shiru. Shirun nan ya kan kai inda ba a so, alhali kuwa ba shi da tushe ko kaɗan.

Bari mu soma da ma'anar haruffan. A shekarar 1901 wani likita a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ana ce da shi Karl Landsteiner, ya bayyana wani gwaji da ya yi. Ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ko wanne kashi biyu, jajayen ƙwayoyi gefe guda, ruwan jini gefe guda, sa'an nan ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Wani haɗin ya zauna lafiya, wani kuwa sai ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Ta haka ya sami iri uku, waɗanda yanzu a ke kira A da B da O. A 1902 waɗansu likitoci biyu na garin suka samo na huɗu, AB. Kafin wannan, ƙarin jini caca ne: wani ya tashi, wani ya mutu a hannun likita, ba wanda ya san dalili.

Dalilin shi ne, jajayen ƙwayoyin nan suna da shaida a jikinsu, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa. Mai A yana da shaidar A, mai B yana da ta B, mai AB ya haɗa duka biyu, mai O ba shi da ko ɗaya. Cikin ruwan jini kuma akwai 'yan gadi masu far wa duk shaidar da ba ta gida ba. In aka zuba wa mai O jinin A, 'yan gadin nan za su farfasa baƙin ƙwayoyin, ƙoda ta lalace, ana iya rasa rai.

To, yanzu ga maganar gado, ku saurara da kyau. Wani malamin lissafi a Jamus, Felix Bernstein, shi ya warware ta a 1924. Ko wane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta rukunin jini, guda daga uba, guda daga uwa, kuma ko wace guda ko dai A ce, ko B, ko O. A da B masu baki ne, in suna nan sai an gan su. O kuwa ba ta nuna kanta sai ta haɗu da 'yar'uwarta O. Saboda haka mutumin da takarda ta ce A ne, yana yiwuwa A biyu ya ke ɗauke da su, yana kuma yiwuwa A ce da O, O ɗin ta laɓe a baya. Gwajin ma'amal na yau da kullum ba ya rabe tsakanin biyun nan. A 1990 ne masu bincike a Amurka suka karanto ita kanta ƙwayar gadon, suka tarar yawancin O ba wani abu ba ce illa irin ta A da harafi guda ya faɗi daga cikinta, don haka ba ta iya buga shaida.

Sai ku lissafa da kanku. Maigida A ne mai ɓoye da O, uwargida B ce mai ɓoye da O. In ya ba da A ta ba da B, ɗa ya zo AB. In ya ba da A ta ba da O, ɗa A ne. O da B, ɗa B ne. In kuwa ɓoyayyun nan biyu suka gamu, ga O ɗinku nan. Watau gida guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ana iya samun duk rukuni huɗu, ko wanne da rabon kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ko wace haihuwa sabon lissafi ce, ba ruwanta da wadda ta gabata. Haka nan uba A uwa A sukan haifi O, ba abin mamaki a ciki. Ɗaliban Azhar ba baƙi ne ga wannan ba. Sun karanta hadisin mutumin ƙauye da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fata, aka tambaye shi launin raƙumansa, aka nuna masa gado ya kan tsallake ya ɗauko daga kakanni.

Wani zai ce, to, in uwa da uba duk O ne, takarda kuma ta ce jariri A ne fa? Ko uba AB, ɗa O? Gaskiya ne, bisa ƙa'idar Bernstein wannan bai kamata ya faru ba. Amma kafin mutum ya tuhumi matarsa, ya fara tuhumar takarda, don ga yadda a ke yinta.

Gwaji cikakke fuska biyu gare shi. Ta farko, a ɗiga jini a kan gilashi ko cikin 'yar kwalba, a sa wa ɗigo guda ruwan gwaji shuɗi mai kama A, a sa wa ɗaya rawaya mai kama B, a duba wanda ya yi gudaji. Ta biyu, a ɗauki ruwan jinin mutumin a gauraya da ƙwayoyin da aka riga aka san A ne da B ne, a ga waɗanne 'yan gadinsa za su far wa. Sai amsoshin biyu sun dace kana a rubuta. Gwajin da a ke yi a tsaye cikin minti biyu, a kan gilashi kaɗai, rabin aiki ne. Jariri kuwa ba a iya yi masa fuska ta biyu, don sai ya yi wata huɗu zuwa shida ya ke samun 'yan gadi nasa na kansa, shaidarsa ma ba ta gama ƙwari ba ranar haihuwa. Akwai kuma masu A mai rauni, wadda gwajin gaggawa kan karanta O. Ga babban ɓarawo, kuskuren alƙalami: a musanya kwalba, ko a liƙa sunan wani a ta wani. Mu da sunayenmu ke kama da juna, Muhammadu Sani nawa ne a layi guda, mu ne muka fi dacewa mu kula da wannan.

Ko gwaji ya yi daidai ma, Allah yana da abin da ya keɓe. A 1952 likita Bhende a birnin Bombay ta Indiya ya gamu da waɗansu mutane da jininsu ke fitowa O a gwaji, amma cikinsu akwai masu ɗauke da ƙwayar A ko B, sai dai jikinsu ba shi da harsashin da a ke ɗora shaidar a kai. Irin wannan ya kan haifi ɗa mai A ko B, kuma ɗansa ne halak malak. Ba su da yawa, amma akwai su. A Koriya da Japan kuma an san waɗansu masu AB da ke ba da A da B tare a ɗaure, har su haifi O. Ni a ganina, likitan da ya miƙa wa magidanci takarda irin wannan bai zaunar da shi ya yi masa bayani ba, bai gama aikinsa ba. Sa'an nan ku sani rukunin jini ba ya taɓa tabbatar da cewa wane shi ne uban wane. Kusan rabin mutanen Nijeriya O ne.

Akwai wani ruɗani da ya ke biyo mu daga gida. A ɗin rukunin jini dabam, AA da AS da SS na gwajin sikila dabam, ba abin da ya haɗa su sai kamar harafi. Mai O yana iya zama AS, mai A yana iya zama SS. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, Masar kuwa tun 2008 ta ke neman takardar likita kafin a rubuta aure, saboda haka saurayi ya san wace takarda ce a hannunsa kafin ya ce ai ya yi gwaji.

Abin da ya fi cancanta maigida ya duba a takardar uwargida shi ne alamar da ke bayan harafin, wadda Misirawa ke kira mujab ko salib, watau + ko −. Wannan wata shaida ce dabam, Rh, da aka gano wajen 1940. A Nijeriya kamar mutum 5 cikin 100 ne ba su da ita, a Turai kuwa kamar 15. In uwa salib ce, jariri mujab, jikinta na iya shirya 'yan gadi da za su cuci cikin da zai biyo baya. Akwai allura mai hana wannan, ana yinta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Da yawa ba sa jin labarinta sai lokaci ya wuce.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a buɗe littafi a rubuta rukunin duk wanda ya yarda, bayan an yi masa gwaji mai fuska biyu. Asibiti a nan ta kan ce dangi su kawo mai ba da jini a madadin wanda za a ƙara wa majinyaci, mu kuwa danginmu suna Kumasi da Kano da Maraɗi. Abin da a ke ɗiba bai kai rabin lita ba, namiji lafiyayye kuma yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Masu salib a rubuta su a shafi nasu dabam, don su ne a kan sha wuyar nema da tsakar dare.