Ba na'ura ce ta ɗaukaka Star Wars ba

Wasu abokan aikinmu malamai suna koya wa ɗalibai cewa kuɗi da na'ura ne suka ɗaukaka Star Wars, fim ɗin George Lucas na 1977. Wannan karatun kasala ne.

Gaskiya ne John Dykstra ya ƙera kamara mai bin umarnin kwamfuta, tana kewaya ƴan ƙananan siffofin jirage har mai kallo ya rantse a sararin samaniya yake. Amma me ya riƙe zukata? Luke, yaron ƙauye a hamada: kira ya zo masa, ya noƙe, dattijo ya miƙa masa takobin mahaifinsa, dattijon ya faɗi, yaro ya tsaya da ƙafarsa. Lucas da bakinsa ya ce littafin Joseph Campbell na 1949 kan tatsuniyoyin jarumai ya haska masa hanya. Ku duba ƙarshen fim ɗin: sai da Luke ya kashe na'urar saiti kana ya harba.

Wanda ya ce wa yaro sinima sai mai dukiya ya karya masa gwiwa tun bai taɓa kamara ba. Ku fara koya masa ƙulla labari.