Garin gyaran gira an rasa ido: Wa zai biya mai mota?

Akwai wata asara da ba a cika jin labarinta a rediyo ko a shafukan jaridu ba, amma da wuya a zauna a majalisar masu motoci ba a samu wanda ta taɓa afka wa ba. Mutum ya kai motarsa gareji da ƙafarta, lafiya lau, don a yi mata juyen baƙin mai ko a sauya mata batir ko a ɗaure mata birki, aikin da ba zai wuce sa'a guda ba, amma daga ƙarshe sai an nemo motar da za ta ja ta. Idan ya buɗe baki zai yi magana sai a tare shi da kalmomin da kowa ya haddace: tsautsayi ne, dama motar ta gaji, sai haƙuri. A nawa ra'ayin, lokaci ya yi da za mu daina rufe wannan magana da haƙurin dole, mu tambayi kanmu wanda ya wajaba ya ɗauki asarar.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda ƙaramin kuskure ke haifar da babbar ɓarna, domin da yawan masu motoci ana cin galaba a kansu ne saboda ba su san abin da ya faru ba. Alal misali, wajen juyen mai akwai noti guda a ƙarƙashin inji wanda ake kwancewa tsohon mai ya tsiyaye. Idan yaron gareji ya mayar da shi bai ɗaure sosai ba, ko ya matse shi har ya cinye zarensa, ko ya sa sabuwar filta a kan tsohuwar roba, man zai riƙa zuba a hanya, kafin direba ya ankara injin ya buga. Haka nan idan aka juya kan batir, aka sa waya a inda ba wurinta ba ko da na ɗan lokaci ne, ana iya ƙona na'urar da ke sarrafa inji, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Mai walda da ya kama aiki bai cire batir ba yana iya jawo irin wannan. Zuba man giya da bai dace da irin giyar motar ba kan kashe giyar sannu a hankali. Mai faci da ya manta bai ƙarasa ɗaure notin taya ba kuwa, ba dukiya kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da rayuka. Ga kuma yaron da aka ba makulli ya matsar da mota, ya fice yawon gwaji ya dawo da ita a lotse.

Duk waɗannan ba tsufan mota ne ke jawo su ba, sakaci ne. Kuma nauyinsu ya ƙaru matuƙa tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemo wa kanta daraja, domin kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas don tambayar kuɗin inji na hannu ya san cewa abin ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni. Ga ɗan tasi kuwa, ranar da mota ta kwana a gareji ranar tukunya ba za ta hau wuta ba. Inshorar da galibinmu ke yanka ma ba za ta cece mu ba. Wadda doka ta wajabta, da hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 ga motar gida tun daga watan Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba wadda aka yi wa motarka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake fakewa da addini wajen danne wannan haƙƙi, alhali malamanmu sun daɗe da warware matsalar. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai ɓarna nauyin biya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi akwai babi sananne na lamuncewar masu sana'a. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya bayyana cewa mai sana'a shi ke ɗaukar nauyin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu a bayan idon mai su, ko da lada ya yi aikin ko ba da lada ba. Hikimar a fili take: jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga maɗinki da maƙeri da marini, kuma ba za su iya tsare su ba, don haka idan aka ce duk wanda ya yi da'awar tsautsayi an yarda da shi, dukiyar mutane za ta salwanta. Bakanike maƙerin wannan zamani ne. Yafiya alheri ce babba, amma mai haƙƙi ne ke yin ta don raɗin kansa bayan an amsa laifi, ba wanda ya yi ɓarnar ne zai yanka wa kansa ita ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A ƙa'idar shari'a, duk wanda ya karɓi kayan wani don ya yi aiki a kansu, idan suka lalace a hannunsa, shi ne zai nuna cewa ba sakacinsa ba ne. Haka kuma maigida shi ke amsa laifin da yaronsa ya yi a bakin aiki, don haka cewa ai yaro ne ya yi ba hujja ba ce. Bugu da ƙari, akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka yi wa doka tun 1992. Sashe na 130 na dokar ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, da ingancin da mai hankali zai sa rai, a kuma mayar masa da kayansa cikin yanayin da bai gaza wanda ya kawo su ba. Idan aka saɓa, yana iya neman a gyara kuskuren ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa, kuma ƙofar kotu a buɗe take don neman diyya. Wato dai matsalarmu ba rashin doka ba ce, rashin sani ne da kuma rashin shaida.

To, me ya kamata wanda abin ya shafa ya yi? Da farko, da zarar ya ga fitilar mai ta kama ko ya ji baƙon ƙara, ya tsaya ya kashe mota. Wanda ya ci gaba da tuƙi ya ba abokin shari'arsa makami, domin za a ce shi ya ƙarasa ta. Ya ɗauki hoton wurin da man ya zuba da abin da ya lalace, ya kira bakaniken da ya yi aikin ya zo ya gani da idonsa kafin wani ya sa sifana. Babban kuskuren da ake yi shi ne a fusata a kai motar wani gareji a wargaza ta, sannan a dawo neman haƙƙi, a lokacin kuwa an riga an shafe sawu. Idan za a buɗe inji, a buɗe a gaban ɓangarorin biyu da wani ƙwararre da kowa ya aminta da shi, a kuma adana kayan da aka cire. Saƙon banki na kuɗin da aka tura, da hirar WhatsApp, da rasidin kayan da aka saya, duk shaidu ne.

Na biyu, a fara da sulhu. A tunkari mai garejin cikin mutunci, ba tare da zagi ko tara masa jama'a ba. Idan ya ƙi, kusan kowace matattarar kanikawa tana da shugabanni, da yawansu kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar NATA, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin ɗansu fiye da ta baƙo. Amma a nan akwai abin lura: duk abin da aka daddale a rubuta shi, a faɗi adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu tare da shaidu. Amfanin wannan takarda ya wuce tunatarwa. Kotunan ƙananan basussuka, da Jihar Legas ta fara buɗewa a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, an tsara su ne don karɓo kuɗin da aka san adadinsa cikin hanzari, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Lokacin da Legas ta kafa nata, ta iyakance su ga Naira miliyan 5 tare da burin kammala shari'a cikin kwana 60. Takardar da bakanike ya sa wa hannu ita ke mayar da gardama ta zama bashi tsayayye. Idan kuwa ya musanta laifin gaba ɗaya, sai a rubuta masa takardar neman biya, sannan a kai koke hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ko ta jiha a inda ake da ita, ko a nufi kotun majistare, ko kotun shari'ar Musulunci idan duka biyun Musulmi ne.

Na uku, ina jan hankalin masu hali da su daina mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko wani rikicin da ba na laifi ba. Wanda ya sa aka tsare bakanike kwana biyu saboda noti bai ɗauru ba, yana iya wayar gari shi ake ƙara kan tauye 'yanci. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne inda aka yi sata ko cin amana, kamar a cire lafiyayyen kaya a musanya da matacce, ko a kwashe abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi, a sayar.

Adalci kuma ya sa dole in juyo kan masu motocin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai motar da zai sayo jabun mai saboda araha, bakanike ya gargaɗe shi ya ƙi ji, in ta ɓaci ya ce an cuce shi. Akwai wanda motarsa ta daɗe tana ciwo, yana jiran wanda zai taɓa ta ƙarshe ya ɗora masa jakar tsaba. Akwai kuma wanda aka lalata masa tsohon inji ya dage sai an saya masa sabo fil. Diyya manufarta a mayar da mutum inda yake kafin ɓarnar, ba a azurta shi ba. Sannan bakaniken da ya yi aiki mai kyau yana da ikon riƙe mota har a biya shi ladansa, kuma mun san manyan mutanen da ke cinye guminsu. Wanda ke son a kiyaye masa haƙƙi, shi ma ya kiyaye na wani.

Sai dai akwai wata gaskiya mai ɗaci da ba za a tsallake ba. Ko kotu ta yanke hukunci, yawancin kanikawan bakin titi ba su mallaki abin da zai sayi inji ba. Jarinsu akwatin sifana ne da inuwar bishiya. A nan ne nake ganin ƙungiyoyinsu ke da babban aiki. Tunda suna karɓar kuɗin ƙungiya, me zai hana su ware wani asusu na lamuni, ko su yanki inshorar haɗin gwiwa, ta yadda idan ɗansu ya yi kuskure za a biya mai mota nan take, shi kuma ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma su wajabta wa kowane gareji takardar karɓar mota, ko da ta littafin makaranta ce, a rubuta aikin da aka kawo, da yanayin motar, da kuɗin da aka yi ciniki, a kuma kafa doka cewa ba a ƙara wani aiki sai an kira mai ita. Garejin da ya yi haka ba asara ya yi ba, kasuwa ya jawo wa kansa.

Gwamnati ma tana da nata kason. Motocin yau cike suke da na'urorin lantarki, alhali da yawan masu gyaran sun koyi sana'ar ne a kan motocin kafireto. Hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, ya kamata su faɗaɗa horo da ba da takardar shaidar ƙwarewa har su isa garejin ƙananan garuruwa, kuma a yi shi da harshen da masu koyo ke ji. Ita kuma FCCPC ta fito da bayanin haƙƙin jama'a a gidajen rediyo da Hausa, domin dokar da talaka bai san da ita ba tamkar babu ita ce.

Daga ƙarshe, ina kira ga kanikawa da su sani cewa amsa kuskure ba ya rage darajar gwani, ƙara masa amana yake yi. Masu motoci kuma su tuna cewa tun ran gini ran zane: a yi magana a fili kafin a miƙa makulli, a nemi rasidi, a duba ƙarƙashin mota kafin a bar gareji. Wanda aka yi wa ɓarna ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da ta dace ba tare da jin kunya ba, domin shirunsa ne ke sa gobe a yi wa wani. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma kare mu daga asara.