Kashin Kyanwa Ba Abin Rainawa Ba Ne

A cikin birnin Kano da wuya a shiga lungu ba a ga kyanwa a kan katanga ba. 'Yan kasuwar Kurmi suna ajiye ta domin ɓera, haka masu siton hatsi da matan gida. Amma in ta kama zawo, ko ta rame, sai a ce ai kyanwa ce, ta warke don kanta. Wannan kuwa kuskure ne, domin a gidajen birni kyanwa da akuya da yara duk tsakar gida ɗaya suke, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

Yawancin ciwon cikinta daga abinci yake. Kyanwa halittarta ta cin nama ce, kanzo da ragowar tuwo ba su riƙe ta. Madara ma da ake ganin gata ce, yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya narkar da ita, sai ta zame musu zawo. Miya mai albasa da tafarnuwa kuwa ɓata musu jini take yi. Abin da ya dace shi ne ɗan dafaffen nama, ko kifi da aka cire wa ƙaya, da ruwa mai kyau a kasko kullum.

Sa'an nan ga tsutsar ciki. Aikin da aka ajiye ta dominsa shi ne ke jawo mata, watau cin ɓera, domin ta nan tsila ke shiga cikinta, haka kuma ta hanyar ƙuma. Wanda ya ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, to, tsila ce. Kyanwa mai farauta tana bukatar maganin tsutsa aƙalla kowane wata 3. In ba haka ba sai ta zama kyanwar Lami, ɓera na yawo a gabanta.

Da bazara kuma, sa'ad da zafin Kano ke kai awo 40, taurin bayan gida ke damunta saboda ƙarancin ruwa da haɗiyar gashi da ƙashi. Amma a lura, muzurun da ke ta yunƙuri ba abin da ke fita, wataƙila fitsari ne ya toshe, wannan kuwa kan kashe shi cikin kwana biyu ko uku.

Babban abin da ya shafi mai kiwo shi ne wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda likitoci ke kira Tokzofilazma. Wasu masana biyu, Nicolle da Manceaux, su suka gano ta a Tunis cikin 1908, amma sai wajen 1970 aka tabbatar a hanjin kyanwa take hayayyafa, ta fito cikin kashi. In kyanwa ta yi kashi cikin dusa ko harawa, tunkiya ko akuya mai ciki ta ci, sai ta yi ɓari. Mace mai juna biyu ma tana iya ɗauka, abin ya taɓa ɗan da ke cikinta. Mai akuya ya yi ta zargin maita, alhali buhun dusarsa ne a buɗe.

Sauƙin abin shi ne ƙwayar ba ta kama wani sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. Saboda haka a ware wa kyanwa tsohon kwano cike da yashi, nesa da madafa da turken awaki, a kwashe kullum, a binne, a wanke hannu da sabulu. Mai ciki kada ta yi wannan aiki. A rufe dusa, a ɗaga harawa, kada kuma a jefa wa kyanwa ɗanyen nama.

In zawo ya wuce kwana biyu, ko an ga jini, ko amai ya haɗu da shi, ko kuwa 'yar ƙarama ce, to, sai asibitin dabbobi, irin na Gwale. Jini a kashi yana iya zama alamar ta ci ɓeran da aka sa wa guba, don haka guba da kyanwa ba su zama sito ɗaya. Kada kowa ya kuskura ya ba ta maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya ya isa ya kashe ta.

Wani zai ce, ana fama da kuɗin masara wa ke ta maganin kyanwa? Sai ya kwatanta kuɗin ƙwayar maganin tsutsa da na ɗan akuyar da aka zubar, ko na buhun geron da ɓera ya huda. Mai gadin da ba a biyansa albashi, lalle ya cancanci a duba lafiyarsa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa a gane.