Ba Riƙon Mafici Kaɗai 'Ya'yanmu Mata Suka Iya Ba

Ni malamar firamare ce a nan Wudil, kuma wani abu da ya faru a ajina ne ya sa na ɗauki alkalami.

A ƙarshen zangon karatu mukan shirya wasan tarihi don darasin nazarin zamantakewa. Yara sukan yi shigar manyan mutanen ƙasar nan, kowa ya fito gaban iyaye ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya aikata. Wani ya fito a Barbushe na Dala. Wani ya naɗa rawani ya ce shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Wani ya fito a Malam Bakatsine, jagoran Joɓawa a lokacin jihadi, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Makaman Kano. Wani ya sa farar riga da jar dara, ya zama Malam Aminu Kano. Abin dai gwanin sha'awa, yaron da ba ya iya riƙe shekara ɗaya a ka sai ga shi yana zuba su kamar karatun allo.

To, ina 'yan mata? Suna bayan sarki da mafici a hannu, bakinsu a rufe. Bayan an tashi wata yarinya ta tare ni ta ce, "Malama, shin a zamanin da babu mata ne?" Wallahi kunya ta kama ni, domin ni na raba aikin da hannuna.

Akwai mata mana. A gidan Rumfa kansa akwai matarsa Auwa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Kisoki, wadda littafin tarihin Kano ya kira Madaki Auwa saboda ƙarfin maganarta a fada. Ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, an haife ta a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jaji malfa ta aike ta ƙauyuka koya wa mata addini. Malfa kuwa ba ta gagari kowa ba, ranar Juma'a sai a sayo a kasuwar Wudil. Ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri tana neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da ba mu samu ba sai a 1976.

Na san wasu iyaye za su ce bai kamata 'ya mace ta tsaya gaban jama'a tana kwaikwayo ba. Ina girmama wannan magana, kunya adon mace ce. Amma ku tuna da azumi 'yan matanmu ne ke yin tashen Mairama da Daudu gida gida, har mu ba su hatsi muna dariya. Me zai hana wadda ta iya kwaikwayon Daudu ta lulluɓe jikinta ta fito a Nana Asma'u na minti uku?

Roƙona gare ku uwaye, in 'yarki ta zo da takardar abin da za ta faɗa, ki saurare ta ko kina tuƙa tuwo. Ki ara mata zanen saƙi na cikin adaka. Ki tura ta wajen kakarta ta ji labarin modibon da ta koyar da matan unguwa, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, domin su ma tarihin Wudil ne ko da ba a buga su a littafi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in an zo rabon aiki ku ɗaga hannu da wuri. Ni dai a zango mai zuwa maficin nan yara maza biyu zan bai wa.